Daga Masaba Zuwa Maganaɗisu: Yadda Aka Yi Ta Gyara Ƙwayar Ƙarfe

A ƙasar Dambatta, Bichi da Minjibir, inda gona ke manne da gona, manomi ya san fartanyar da za ta kai kaka da wadda za ta tsage tun a noman farko. Bambancin yana cikin jikin ƙarfen. Ƙarfe tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. In sun yi ƙanana ya yi ƙwari, in sun yi manya ya yi saurin tsagewa.

Binciken masana ya nuna ana fitar da ƙarfe daga tama a gindin Dala tun ƙarni na 7, kuma tarihin baka ya ce neman tama ne ya kawo Abagayawa daga Gaya. Sai dai tanderun kakanninmu bai mai da ƙarfe ruwa ba. Zafinsa wajen digiri 1,200 ne, ƙarfe kuwa sai a 1,538 yake narkewa. Curi ake samu, cakuɗe da kashin maƙera. Sauran aikin na maƙeri ne: zugazugi, gawayin ƙirya, masaba. Dukan da yake yi wa jan ƙarfe a kan uwar maƙera shi ke fitar da datti, ya kuma farfasa ƙwayoyin.

Layin dogo ya iso Kano a 1911. Ƙarfen Turai da tarkacen injuna suka wadata, fitar da tama ya mutu sannu a hankali. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu zubin tukwanen alminiyam ya bazu a Afirka ta Yamma. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, ana zuba shi a mazubin yashi. Yayin da yake daskarewa, ƙwayoyin suna tsirowa daga bango zuwa ciki kamar rassan itace. In suka yi tsawo, tukunyar ba ta da ƙarko.

Manyan masana'antun duniya da wannan matsalar suke fama, sai suka nemo maganaɗisu. Ba jan ƙarfen yake yi ba, domin da zarar zafi ya wuce digiri 770 maganaɗisu ba ya kama ƙarfe. Ana kewaye mazubin da maganaɗisun lantarki mai juyawa, ya haifar da lantarki a cikin narkakken ƙarfen, ruwan ya riƙa juyawa kamar ana tuƙa tuwo da muciya. Rassan su kakkarye, kowane guntu ya zama irin sabuwar ƙwaya. Abin da masaba ke yi bayan ƙarfe ya daskare, shi maganaɗisu ke yi tun yana ruwa.

Tsofaffin maƙeran da suka gaji labarin tama suna ƙarewa, kalmominsu na bin su. Wanda ke da maƙera a garinsu, ya je ya zauna, ya tambayi sunan kowane kaya da kowane launin wuta, ya rubuto mana a nan.