Hoton Oopjen Coppit da abin da ya ɓoye

A ƙarni na 17, lokacin da fatauci na teku ya cika birnin Amsterdam da dukiya, attajiran Holanda sun ɗauki wata al'ada ta sarakuna: miji da mata su sa a zana su, kowa a allonsa, a rataye su kafaɗa da kafaɗa, matar tana hagun mijinta.

Cikin irin waɗannan hotuna, kaɗan ne suka kai na Oopjen Coppit, wanda Rembrandt ya zana a shekarar 1634, shekara guda bayan aurenta da Marten Soolmans. An zana ta a tsaye, daga kai har ƙafa, daidai girman mutum, matsayin da a da sai ƴaƴan sarauta. Tana sanye da baƙin siliki da farin leshi, ga lu'ulu'u a wuya da kunne, ga mafici na gashin jimina a hannu. Baƙin tufafi yana nuna kamun kai irin na mabiya Kalbin, amma rininsa tsada gare shi. Ke nan kunya da alfahari sun haɗu a riga ɗaya.

Sai dai allon bai faɗi inda arzikin ya fito ba. Mahaifin Marten yana da masana'antar tace sukari, sukarin kuwa bayi ƴan Afirka ne ke noma rakensa a Barazil. A 1637 Holandawa suka ƙwace sansanin Elmina, a gaɓar Gana ta yau, don cinikin bayi. Bayan rasuwar Marten a 1641, Oopjen ta auri Maerten Daey, hafsan soja da ya yi aiki a Barazil. Takardun zamanin sun ambaci wata baƙar mace, Francisca, wadda ya tsare, ya yi mata fyaɗe, ta haifa masa ɗiya. Ita babu wanda ya zana fuskarta.

A 2016 Faransa da Holanda suka haɗa kuɗi, yuro miliyan 160, suka sayi hotunan biyu daga iyalin Rothschild. A 2021 gidan tarihi na Rijksmuseum ya sa su cikin nunin da ya shirya kan bauta, ya kawo labarin Francisca kusa da na Oopjen. Tun daga nan, mai kallon wannan leshi ya san akwai gumin wasu a cikinsa.