Yadda rake ya kai Hausawa Burazil

1/ Jama'a ku matso, yau zaren tarihi ne. Raken nan da muke ɓantara a bakin titi, a wani zamani shi ne fetur ɗin duniya. Kuma shi ya ja kakanninmu har Burazil. 🧵

2/ Rake ba ya jira. In an sare shi, dole a matse shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, in ba haka ba ruwan ya yi tsami. Shi ya sa lokacin girbi matsa ba ta tsayawa, dare da rana. Wannan azabar Turawa suka ɗora wa bayi.

3/ Kafin 1791, Haiti, wadda ke hannun Faransa, ita ce kan gaba a sukari. A shekarar bayi suka yi bore, suka ƙone gonaki, a 1804 suka ƙwaci 'yanci. Sukari ya yi tsada a Turai.

4/ Masu gonaki a Bahia ta Burazil suka ga kasuwa ta buɗe. Ƙarin gona, ƙarin bayi.

5/ Ku lura da 1804 ɗin nan. A shekarar aka fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen, daga kowane ɓangare, wasu an yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har Legas da Wida. Daga nan sai jirgin ruwa.

6/ Da yawansu sun san yaƙi, wasu sun yi karatun allo. A 1807 aka bankaɗo shirin boren Hausawa a birnin Salvador. Suka sake tashi a 1809 da 1814.

7/ Sai babban boren Musulmi na Janairun 1835, cikin azumi. Yawanci Yarabawa ne, amma da Hausawa a ciki. An samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Sai 1888 Burazil ta soke bauta.

8/ Abin da ke ci min rai: yau akasarin ɗanyen sukarin da ake tacewa a Legas daga Burazil ake shigo da shi, alhali ga Numan, ga Bacita, ga fadamun Maƙarfi.

9/ Ni dai ban taɓa jin wannan tarihin a aji ba. Ku fa?