Inji Daga Waje, Iri Daga Samaru: Waiwaye Kan Bukatar Ƙwararru a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

Abin da muke son nunawa a wannan takarda shi ne, fasahar da aka sayo daga ƙetare da wadda aka bincika a gida ba ma'aikata iri ɗaya suke nema ba, kuma tarihin noma a kudancin ƙasar Katsina ya isa shaida.

Mu fara da auduga. Wajen 1912 Turawa suka shigo da irin Allen daga Amurka, kamfanin B.C.G.A., wanda mutanenmu ke kira Bisije, ya kafa injunan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Injin gurza ƙwararru kaɗan yake so, su ma a farkon lamari baƙi ne. Rabon 'yan ƙasa bai wuce dako da awo da gadi ba. Amma irin kansa sai da aka yi ta gwajinsa a tashar bincike ta Samaru, wadda aka buɗe a 1922, ana yawaita shi a gonar Daudawa ta ƙasar Faskari. Wannan aiki kuwa ba ya yiwuwa sai da mai auna fili, da mai rubuta sakamako, da malamin gona wanda zai zauna da manomi ya yi masa bayani da Hausa. Garmar shanu ma daga Ingila ta zo, to amma da yake ƙirarta ba ta gagari maƙera ba, sai suka koyi gyaranta da ƙera bakinta, har ta zama ƙarin sana'a a gidajensu.

Daga 1975 zuwa 1980 aka gudanar da Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ya haɗa da gundumomin Ƙanƙara da Faskari. An kawo tarakta da takin zamani da injunan feshi, manyan kujerun gudanarwa da dama kuma Turawa ne a kansu. A ganinmu, abin da ya fi daɗewa cikin gadon shirin shi ne masara. Irin da aka inganta a Ibadan da Samaru ya bazu, har masara ta zama amfanin sayarwa daga Funtuwa zuwa Sabuwa, aka kuma ɗauki malaman gona masu yawa don yaɗa ta. Tarakta fa? Ta bukaci direba da bakanike, gaskiya ne, sai dai kayan gyaranta da kuɗin waje ake sayensu. Da darajar naira ta karye daga 1986, da yawa suka kwanta, kanikawansu suka koma ga babura da injunan niƙa. Ba mu ce sun yi hasara ba, domin ƙauyuka sun amfana da hannunsu, amma ba don haka aka horar da su ba.

Kada a ɗauka muna ƙin sayo fasaha. Samaru ita kanta da irin Amurka ta fara. Bambancin shi ne an zauna an sarrafa shi, kowane mataki na sarrafawar kuma ya buɗe gurbin aiki ga mai ilmi.

Saura tambayar inda masu cike gurbin za su fito. A Disamba 2020 'yan bindiga suka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. An sako su bayan kwanaki, amma aka rufe makarantun kwana na jihar na wani lokaci, manoma da yawa a Faskari da Sabuwa kuma suka bar gonakinsu na nesa da gari saboda tsoro.