Kakalaba: Yadda Fari Ke Rikiɗewa Ya Zama Yunwa

A ƙasar Hausa, babbar yunwa takan sami suna. Wadda ta auku tsakanin 1913 da 1914 ita ce Kakalaba, kuma ta yi ɓarna mai yawa a ƙasashen Kano da Katsina da Borno, har jama'a suka riƙa barin garuruwansu suna yin kudu neman abinci.

Mafarinta fari ne. Ruwan daminar yankin yana zuwa ne da iska mai laima da ke tasowa daga Tekun Atlantika ta tunkari arewa, tana ture busasshiyar iskar Sahara. Inda suka yi karo yakan matsa arewa kowace shekara, sannan ya koma kudu da kaka. Manomin Dutsen Abba a ƙasar Zazzau yakan samu ruwa kimanin milimita 1,000 tsakanin Mayu da Oktoba. Na Daura yakan samu ƙasa da haka sosai. Idan iskar nan ta yi rauni, kamar yadda ta yi a 1913, na arewa ne ke fara ɗanɗanawa.

Sai dai fari ba baƙo ba ne a nan. Talakawa sun daɗe da dabarun tarbarsa: haɗa gero da dawa da wake a gona guda, ajiyar hatsi a rumbu, noman fadama, cin rani, da zakkar da ke komawa ga mabuƙata. Me ya sa waɗannan suka gaza a wannan karon?

A 1911 layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe. Gwamnatin Turawa kuma ta matsa a biya haraji da tsabar kuɗi, ba da hatsi ba. Manomi ya sayar da amfanin gona da kaka lokacin da yake araha, ya dawo saye da bazara lokacin da ya yi tsada. Da ruwa ya ɗauke, rumbuna ba su da abin kirki, haraji bai tsaya ba, agajin hukuma kuma bai taka kara ya karya ba. Wannan ce hujjar da Michael Watts ya kafa a littafinsa Silent Violence na 1983, bayan bincikensa a Kaita ta ƙasar Katsina.

Masana bala'o'i a yau sun rarrabe abu biyu: barazanar da yanayi ke kawowa, da raunin mutanen da ta tarar. Haɗuwarsu ce ke haifar da bala'i. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, abin da manomin 1913 bai samu ba. Amma hasashe ba ya amfanar wanda bashi ya tilasta wa sayar da masararsa tun tana gona, ko wanda rashin tsaro ya raba da gonarsa. Wanda ke son sanin inda yunwa za ta fara, ya leƙa rumbu kafin ya dubi sama.