Germania, Birnin da Ya Tsaya a Kan Tebur

Ran 30 ga Janairun 1937, Adolf Hitler ya danƙa wa wani matashin mai zanen gine-gine, Albert Speer, aikin sake fasalin Berlin. Nufinsu a rushe tsakiyar birnin a tayar da sabo, wanda zai zama hedkwatar duniya idan Jamus ta ci yaƙin da a lokacin ko fara shi ba a yi ba. An tsayar da 1950 a matsayin shekarar kammalawa, daga baya kuma Hitler ya yi maganar raɗa masa suna Germania.

Ƙashin bayan shirin wani ƙaton titi ne da ya miƙe daga arewa zuwa kudu, faɗinsa mita 120. Can wajen kudu za a kafa ƙofar nasara mai tsayin mita 117, fiye da ninki biyu na ta Paris, a sassaƙa mata sunayen sojojin Jamus miliyan 1.8 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko. A arewa kuwa zauren taro ne mai ƙubba, faɗinta mita 250, wanda zai ci mutum 180,000. Speer ya sa an ƙera ƙaramin samfurin birnin, kuma shi da kansa ya ba da labarin yadda Hitler kan ja baƙinsa cikin dare, da tocila a hannu, su je su sha kallo.

Sai dai ƙasar Berlin rairayi ce mai damshi. Don a gane ko za ta ɗauki nauyin ƙofar, a 1941 aka fara zuba wani dunƙulen kankare mai tan 12,650 a unguwar Tempelhof, da gumin fursunonin yaƙi 'yan Faransa. Ya nutse kimanin santimita 19. Har yau yana nan, domin fasa shi da nakiya zai taɓa gidajen maƙwabta.

Yaƙi ya cinye shirin, amma marubutan da ke tambayar "da a ce Jamus ce ta yi nasara fa?" sun tsinci birni a shirye. A littafin Fatherland na 1992, Robert Harris ya kai mai karatu Berlin ta watan Afrilun 1964, ana shirin bikin cikar Hitler shekara 75, ƙubbar ta tsaya, numfashin jama'a yana taruwa a rufinta ya dawo yayyafi. Ƙarfin littafin yana wajen ɗan sandan da ya bi sawun wata gawa har ya tono kisan Yahudawan da aka binne labarinsa ƙarƙashin wannan ƙawa.

Harris ya yi daidai, domin birnin da ba a gina ba ya riga ya ci mutane. Ofishin Speer ya fitar da dubban Yahudawan Berlin daga gidajensu don a tsugunar da waɗanda rusau ya shafa, da yawansu kuma daga nan aka kwashe su zuwa sansanonin mutuwa. Fursunonin sansanonin Flossenbürg da Mauthausen sun fasa dutse, na Sachsenhausen sun gasa bulo, har rai ya yi halinsa. Ko matattu ba su tsira ba: an tone kaburbura a Schöneberg aka mayar da su Stahnsdorf.

Kotun Nuremberg ta ɗaure Speer shekara 20, ya fito a 1966 yana cewa shi ma'aikaci ne da bai san abin da ake yi ba. A 1982, shekara guda bayan mutuwarsa, masanin tarihi Matthias Schmidt ya nuna cewa an goge batun korar Yahudawa daga kundin ofishinsa kafin a miƙa shi ga ma'ajiyar tarihin ƙasa.