Tufafin gargajiya a ƙasar Kurfai: wane kaya, don wace hidima?

Jama'ar Filinge da ƙauyuka, da ku ƴan uwa da ke bida a Abijan, Kwatano, Lome ko Legas, ga bayani kan tufafinmu. A nan, kayan da mutum ya sa su ke nuna shekarunsa, matsayinsa da hidimar da ta fito da shi.

Babbar riga kayan magidanci ce. Ana sa ta bisa ƴar ciki da wando, ranar Juma'a, ranar Salla, ɗaurin aure ko zanen suna, wanda ake yi kwana 7 bayan haihuwa. Saurayi kuwa kaftani da hula sun ishe shi. Malfa ta gona ce da kiwo.

Rawani ba na kowa ba ne. Dattawa, malamai da masu sarauta anka sani da shi, shi ya sa in an ba mutum sarauta ake cewa an naɗa shi. Wajen maƙwabtanmu Buzayen Imanan, can Bankuku, namiji na fara naɗi da ya balaga, kuma ba ya sauke amawali, wato ɓangaren da ke rufe baki, gaban surukai ko manya. In ka ga ya ƙara ja shi sama, ladabi ne, ba girman kai ba.

Rawanin da ya fi daraja shi ne ɗan Kura, daga garin Kura kusa da Kano. Ana ɗinke siraran ƙyallayen saƙi, a rina su da baba, a buga har su yi ƙyalli. Shunin yana kama fata, kuma masu shi ba su ɗauke shi dauɗa ba. Cinikin ya daɗe: Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana kai tufafin Kano har Tumbutu.

Matar aure ba ta fita sai da zane, riga, kallabi da mayafi. Yau atamfa da shadda sun maye gurbin saƙin gida, wanda ya koma kayan ajiyar tsofaffi. Shadda mai tsada, irin ta Getzner, daga Ostiriya take zuwa, mai rahusa kuma daga Sin. Matar da mijinta ya rasu tana takaba wata 4 da kwana 10, ba lalle, ba kwalli, ba turare, ba kayan ado. Kar a aiko mata da kayan kwalliya a wannan lokaci.

Tufa tana tafiya da ladabi. Ana tuɓe takalma kafin a hau tabarmar manya, a durƙusa a gaishe su. Ba a zuwa gaisuwar mutuwa da kayan biki.

Inda magana ta yi nauyi shi ne lefe. Asalinsa suturta amarya ne, amma gasar cika akwatuna ta sa wasu samari sun daɗe a bida ba su yi aure ba, wasu iyaye kuma sun sai da bisashe ran Lahadi a kasuwar Filinge don fita kunya. Kafin ku aiko da kaya, ku tambayi gida abin da ake bukata. Turmi 3 da anka saya da kuɗin hannu sun fi 10 na bashi.