Masu Karatun DNA: Yadda Sana'armu Ta Iso Gida

A watan Agustan 2016, bayan Najeriya ta shekara biyu ba a ga yaron da ƙwayar cutar shan-inna ta daji ta kama ba, sai ga yara biyu a Jihar Borno, ɗaya a Gwoza, ɗaya a Jere. Daga wata ƙasa cutar ta shigo, ko dama tana nan? Da aka karanta jerin harufan ƙwayar aka gwada shi da waɗanda ke ajiye, sai aka ga danginta na kusa ita ce wadda aka gani a Borno a 2011. Wato shekara biyar tana yawo a garuruwan da rikici ya hana masu rigakafi shiga. Wannan amsa daga gaban kwamfuta ta fito, kuma irin aikinmu ke nan, mu da ake kira masu bayo'infomatiks.

Duk wani abu mai rai yana ɗauke da bayanin halittarsa a rubuce cikin DNA da harufa huɗu: A, C, G da T. Na ɗan Adam ya kai harafi biliyan 3. Na'ura ba ta iya karanta wannan a tafi ɗaya. Guntu-guntu take fitarwa, miliyoyi, a hargitse, har da kurakurai. Mu ne muke haɗa su, mu tace, mu gwada da na wani, mu faɗi abin da bambancin yake nufi.

Ba masana halittu ne suka kafa wannan fage ba, kuma har yau ana ganin alamar hakan a cikinmu. Margaret Dayhoff, wadda muke ɗauka uwar sana'ar, kimiyyar sinadarai ta karanta. A 1965 ta tattara jerin furotin 65 da aka sani a lokacin ta buga su a littafi guda, tana sarrafa su da kwamfutar da ake ba umarni da katin da aka huda. Da yawa daga masu ɗakin gwaji ba su ɗauki tara bayanan da wasu suka samo a matsayin bincike ba. Wannan raini ya daɗe. Ni kaina na tarar da ragowarsa, lokacin da ake ce wa irinmu "yaron kwamfuta", a miƙo maka faifai a ce gobe ana son sakamako.

A 1977 Frederick Sanger ya fito da hanyar karanta DNA a Kambirij ta Ingila, ya karanta wata 'yar ƙwayar bairos mai harafi dubu 5 da 'yan ɗaruruwa. A 1982 aka buɗe rumbun GenBank a Amurka, a 1990 kuma aka saki manhajar BLAST, wadda har yau ita ce abin da ɗalibi yake fara koya. A shekarar ce aka soma aikin karanta jinom ɗin ɗan Adam, wato dukkan harufan DNA ɗinsa, wanda ya ci shekara 13 da kusan dala biliyan 3.

Mutane sun fi tuna tseren kammala wannan aiki da aka yi tsakanin masu kuɗin gwamnati da kamfanin Celera na Craig Venter. A ganina abin da ya fi muhimmanci ya faru ne a wani taro a tsibirin Bamuda a 1996, inda aka amince cewa duk jerin da aka karanta a saka shi a rumbun da kowa zai iya shiga cikin sa'o'i 24. Ba don wannan ba, da babu yadda ɗalibi a Zariya ko Maraɗi zai sauke bayanan da farfesa a Landan yake aiki da su, kyauta. Wannan shawara ce ta buɗe mana ƙofa, ko da yake ba mu ne a ransu ba.

Daga 2006 sababbin na'urori suka karya farashi. Zuwa 2014 kamfanin Illumina ya ce ana iya karanta jinom ɗin mutum da dala 1,000. Daga nan sana'ar ta juya. Karantawa ta yi arha, fahimta ta yi tsada, kuma "yaron kwamfuta" ya zama wanda ake nema ruwa a jallo.

Afirka fa? Da jini muka fara shiga. A aikin HapMap da aka soma a 2002, an ɗauki samfurin Yarabawa 90 a Ibadan, kuma bayanansu sun shiga bincike ba iyaka a faɗin duniya. Amma tsarin da aka saba shi ne a ɗebi jini a nan, a sa a ƙanƙara, a hau jirgi da shi, a rubuta takarda a can, sunan likitan da ya sha rana yana tara samfurin ya fito a tsakiyar jerin sunaye, in ma ya fito. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk da haka, 'yan asalin Afirka ba su wuce kashi 3 cikin 100 na mutanen da manyan binciken gado suka duba ba, alhali nan ne bambancin halittar ɗan Adam ya fi yawa.

Shirin H3Africa, da kuɗin Cibiyar Lafiya ta Amurka da gidauniyar Wellcome, shi ya sauya lissafin. Ya fara ba da kuɗi a 2012 da sharaɗin cewa masu bincike na Afirka ne za su jagoranta. A ƙarƙashinsa aka kafa H3ABioNet, wadda Nicola Mulder ta jagoranta daga Jami'ar Kef Tawun, kuma da yawa cikinmu a ajinta na intanet muka fara taɓa Linux. A taru a ɗaki ɗaya, malami yana magana daga wata ƙasa, wuta ta ɗauke, a jira a tayar da janareta. Haka aka koya. A 2020 shirin ya fitar da sakamakon karanta jinom ɗin mutum 426 daga ƙabilu 50, har da Birom na Filato, aka sami bambance-bambance fiye da miliyan 3 da kimiyya ba ta taɓa rubutawa ba.

Annoba ce ta sa gwamnatoci suka san da mu. A 2014 aka karanta ƙwayoyin Ebola 99 daga Saliyo, amma a Amurka aka yi karatun, kuma biyar daga cikin marubutan takardar cutar ta kashe su kafin a buga ta. A 2018, da zazzaɓin Lassa ya yi ƙamari, aka ji tsoron ko wani sabon nau'i ne mai yaɗuwa tsakanin mutane. A wannan karon a cikin Najeriya aka yi karatun, a Irrua da kuma cibiyar ACEGID ta Christian Happi da ke Ede, aka nuna cewa yawancin masu cutar daga ɓera suka ɗauka. A Maris na 2020, kwanaki kaɗan bayan samun mai korona na farko a Legas, Najeriya ta fitar da jerin ƙwayar, na farko a duk nahiyar. A Nuwamban 2021 abokan aikinmu a Botsuwana da Afirka ta Kudu suka gano nau'in korona na Omicron suka sanar da duniya nan take. Sakayyar da suka samu ita ce hana jiragen ƙasashensu sauka.

Ɗalibai suna yawan tambayata ko akwai abinci a wannan hanya. Akwai. Hukumomin yaƙi da cututtuka suna neman mai bin sawun ƙwayoyin da suka daina jin magani. Cibiyoyin noma irin su IITA a Ibadan da ICRISAT suna amfani da bayanan DNA wajen zaɓen irin wake da gero da dawa. Akwai kuma aikin da ake yi daga gida wa cibiyoyin waje. Sai dai gaskiya ɗaya ce: yawancin guraben a kan kuɗin tallafi suke tsaye, na shekara uku ko biyar. Zangon kuɗin H3Africa ya ƙare a 2022. Na san ɗakunan gwajin da aka saya wa na'ura mai tsada lokacin korona, yau an lulluɓe ta da leda, babu kuɗin sinadari, wanda ya iya fassara sakamakon kuma ya tafi Kanada.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sikila. Harafi ɗaya ne tak ya sauya, A ya koma T, a kan kromosom na 11, kuma babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan jariran da ake haifa da ita. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke gyara DNA ɗin mai cutar, wanda aka sa wa farashin dala miliyan 2.2 ga mutum guda a Amurka. Tambayoyin da suka fi kusa da mu, kamar me ya sa wani mai sikila yake kwanciya asibiti duk wata wani kuma yake shekara lafiya, suna buƙatar bayanan marasa lafiyarmu da mutanenmu da za su zauna a kansu. Manyan cibiyoyin ƙasar nan kuwa kusan duk a kudu suke.

Wanda yake son shiga, kada ya jira jami'arsa ta buɗe sashe. Ya koyi Linux, ya koyi Python ko R, ya riƙe lissafin ƙididdiga da kyau, domin nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Sannan ya sauke bayanan wata takarda da aka riga aka buga, ya gwada ko zai fitar da sakamakon da marubutanta suka fitar. Masu ɗaukar aiki a wannan fage abin da ka yi suke fara dubawa kafin su tambayi takardarka.